Duniyar Kimiyya: Me Ke Sa Tauraro Ya Fito Da Wutsiya A Hoto?

A makon jiya ne wata wasiƙa ta iso teburina daga wani malamin makarantar sakandare a Jos, wanda ya roƙe ni kada in buga sunansa, domin a cewarsa dariyar da abokan aikinsa ke yi masa ta ishe shi. Bawan Allahn nan ya yi shekara biyu yana tsimi da tanadi, yana zuba adashi, har ya sayi madubin hangen nesa da mazauninsa mai inji da kamara, da niyyar ya ɗauki hoton Kaza da 'Ya'yanta ya nuna wa ɗalibansa. Ya ce ya haɗa kome da kome yadda takarda ta ce, har da na'urar nan mai kiwon tauraro da kanta, kuma lambar kuskure da kwamfuta ke nuna masa ba ta wuce 0.9 ba. Amma duk hoton da ya ɗauka na minti 5, sai taurari su fito dogaye kamar ƙwayar shinkafa. Tambayarsa ita ce, ya sayar da kayan ya rungumi asara, ko kuwa ya ci bashi ya sayi mazaunin da ya fi wannan tsada?

Malam, kada ka yi ko ɗaya tukuna. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wutsiyar tauraro tana da dalilai ƙididdigaggu waɗanda ake bi ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifi. Tun da na san ba kai kaɗai ke fama da wannan ba, bari mu ɗauko zancen daga tushe, don wanda bai taɓa leƙa madubi ba ma ya bi mu.

Dalilin kiwon tauraro

Duniya tana juyawa sau ɗaya cikin awa 23 da minti 56 da daƙiƙa 4, shi ya sa muke ganin taurari suna fitowa daga gabas suna faɗawa yamma. Masana taurari suna auna sararin sama da digiri. Sukan raba digiri ɗaya gida 60 su kira kowane kashi minti na kusurwa, sa'an nan su sake raba wannan gida 60 su kira shi sakan na kusurwa. Don kada mu rikice, duk inda na ce sakan a wannan bayani ma'aunin kusurwa nake nufi, inda na ce daƙiƙa kuwa lokaci nake nufi. Sakan ɗaya ƙanƙane ne ƙwarai da gaske, kamar a ajiye ƙwayar gyaɗa a nisan kilomita 2 a ce ka hango faɗinta. Faɗin wata a daren sha huɗu kimanin sakan 1,800 ne.

To, tauraron da ke kan layin da ya raba sama biyu, kudu da arewa, yana gusawa sakan 15 a kowace daƙiƙa. Abubuwan da mai hoto ke nema kuwa haskensu dishi-dishi ne, sai an bar kamara a buɗe na mintoci kafin ta tara abin kirki. In aka buɗe ta minti 5 alhali madubi yana tsaye cik, tauraro zai ja layi na sakan 4,500, watau faɗin wata biyu da rabi. Saboda haka ne ake ɗora madubi a kan mazauni mai sandunan juyawa guda biyu. Ta farko ana saita ta ta dubi cibiyar da sama ke kewayawa a arewa, inji yana juya ta sannu a hankali daga gabas zuwa yamma. Ta biyu kuma ita ce ke kai madubi kudu ko arewa.

Sai dai babu injin da hannun ɗan Adam ya ƙera wanda zai yi wannan tafiya ba tare da kuskuren sakan ɗaya ko biyu ba, in ban da masu tsadar gaske. Mutanen da suka fara wannan sana'a da idonsu suka yi gyaran. A ranar 30 ga Satumba, 1880, wani likita Ba'amurke mai suna Henry Draper ya ɗauki hoton farko na gajimaren taurari da ke cikin Oriyon, ya bar kamara a buɗe kimanin minti 50. A watan Disamba na 1888, Isaac Roberts, ɗan kwangilar gine-gine a Ingila, ya buɗe tasa awa 4 a kan Andromeda da madubi mai faɗin inci 20. Mai hoto na wancan zamani yakan manna idonsa a gilashin da aka gicciya wa zare biyu, sau da yawa na yanar gizo-gizo, ya riƙe tauraro guda a mahaɗar zaren, in ya kauce ya dawo da shi da hannu, cikin sanyi da duhu, ba damar gyangyaɗi.

A ƙarshen shekarun 1980 ne kamfanin SBIG na Kalifoniya ya fito da wata ƙaramar kamara mai suna ST-4 wadda ta karɓi wannan aiki daga idon mutum, har yau ma ramin wayar da ke jikin mazaunai da yawa da sunanta ake kiransa. Daga baya Craig Stark ya rubuta manhajar PHD, wadda magajiyarta PHD2 ake samunta kyauta, kuma ita ce akasarin masu wannan sha'awa ke aiki da ita. Yadda abin yake shi ne, ana ɗaura ƙaramin madubi da tasa kamarar a bayan babba. Ƙaramar kamara tana ɗaukar hoton wani tauraro bayan kowaɗanne 'yan daƙiƙoƙi, manhaja ta auna inda ya kauce, ta umarci inji ya ɗan ƙara sauri ko ya ɗan rage. Wannan shi nake kira kiwon tauraro, domin aikin makiyayi ne sak: ya sa ido, in saniya ta ratse ya kora ta kan hanya.

Nawa ne ya isa?

Kafin mutum ya ɗaga hankalinsa a kan lambar kuskure, wadda manhaja ke rubutawa RMS, watau matsakaicin kaucewar tauraro, ya kamata ya san abin da kayansa ke bukata. Hoton kamara ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo yana rufe wani yanki na sama. Lissafin mai sauƙi ne: a ɗauki girman ɗigo a ma'aunin maikiron, a ninka da 206, a raba da nisan tattara hasken madubi a milimita, wanda akan rubuta a jikinsa. Malaminmu ya ce madubinsa mai milimita 400 ne, ɗigon kamararsa kuma maikiron 3.76. Ke nan kowane ɗigo yana rufe sakan 1.9. Muddin kuskuren kiwo bai kai faɗin ɗigo ɗaya ba, da wuya ido ya gane shi a hoto, balle wanda ya tsaya a rabinsa. Ashe 0.9 ta wadatar da shi. Wanda ke da madubi mai milimita 2,000 da irin wannan kamara, ɗigonsa bai kai sakan 0.4 ba, shi ne ke da dalilin kwana da tunanin lamba.

Har ila yau, lambar nan gida biyu ce, akwai ta gabas da yamma, akwai ta kudu da arewa. In sun yi kusa da juna tauraro zai fito da'ira, ko da ya ɗan yi ƙiba. In ɗaya ta ninka ɗaya sai ya fito kamar ƙwai. Saboda haka a duba su daban-daban, kada a tsaya ga jimla.

Saitin arewa a ƙasarmu

Farkon abin tuhuma shi ne saitin sandar farko. Littattafan Turai da Amurka sukan ce a leƙa ta ɗan ramin da ke cikin sanda a nemo Polaris, tauraron arewa, shi ke nan. Su a wurinsu yana can sama sosai. Tsayin wannan tauraro daga ƙasa daidai yake da nisan garin mutum daga layin ikwaita. A Sakkwato digiri 13 ne, a Kano 12, a Jos kusan 10, a Abuja 9, a Legas 6 da rabi, a Fatakwal bai kai 5 ba. Katanga ko bishiyar mangwaro ta isa ta ɓoye shi, in kuma hazon hunturu ya sauka sai a neme shi a rasa. Daɗin daɗawa, shi kansa bai zauna daidai kan cibiya ba, ya kauce fiye da rabin digiri.

Wannan ba abin damuwa ba ne, domin akwai tsohuwar dabara wadda ba ta bukatarsa. A zaɓi tauraro a ƙoli, kusa da layin da ya raba sama biyu, a tsai da gyara, a duba ko yana zamewa kudu ko arewa. In yana zamewa, sanda ta karkata gabas ko yamma, sai a murɗa sukurorin gefe. Sa'an nan a koma kan wani tauraro can ƙasa-ƙasa a gabas ko yamma. Zamewarsa ita ke nuna sanda ta yi sama ko ta yi ƙasa. PHD2 tana da sashen da ke yin wannan awo, manhajar N.I.N.A. kuma tana iya lissafa saitin daga hotuna uku na sama ba tare da ta ga Polaris ba. Kuskuren minti 5 na kusurwa yana jawo zamewar da ba ta wuce sakan 1.3 a minti ɗaya na lokaci ba, abin da kiwo ke shanyewa cikin sauƙi. Wanda ya kai nan ya tsaya, kada ya ƙone rabin dare yana neman sifiri.

Wani abin lura kuma ga mutanenmu: tun da sandar tana kwanciya ƙasa sosai a nan, ƙarfen daidaita nauyi yakan bugi ƙafar mazauni. A duba wannan da rana, a juya kan yadda ƙarfen zai faɗa tsakanin ƙafafu biyu, ko a sa ƙarin wuya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abubuwan da hannu ke gyarawa

Na biyu shi ne nauyi. A saki makullan sanduna a tabbata madubi yana tsayawa duk inda aka bar shi, sa'an nan a bar ɓangaren gabas ya ɗan rinjaya kaɗan, don haƙoran giya su riƙa cizon juna kullum. Na uku wayoyi. Waya guda da ke reto, ko wadda ta maƙale a ƙafar mazauni, ta isa ta fizgi tauraro, alamarta kuwa ita ce tsalle guda babba a layin da manhaja ke zanawa. A ɗaure su duka a jikin madubi. Na huɗu ƙasa da wuta. Kada a kafa mazauni a kan rairayi mai laushi ko benen da mutane ke takawa, kuma a nisanta janareta, domin girgizarsa tana bin ƙasa. Akasarin mazaunan nan bolt 12 suke ci, in batir ya yi sanyi cikin dare inji yakan fara tuntuɓe, mai shi ya yi ta zargin manhaja.

Na biyar shi ne gwajin farko da manhaja ke yi, inda take tura madubi yamma da gabas, arewa da kudu, don ta koyi alkibla da saurin inji. In wannan darasi ya karkace, duk gyaran da zai biyo baya karkatacce ne. A yi shi a ƙoli kusa da layin tsakiyar sama. A nan mun fi Turawa sa'a, domin layin yana bi ta kusan saman kanmu. Taurari ukun nan da ke jere a tsakiyar Oriyon a kansa suke, kuma a tsakiyar Janairu wajen ƙarfe 10 na dare suna ƙoli. Bayan gwaji a duba zanen da ta fitar, layuka biyun su gicciya juna sosai kamar kusurwar bulo. A kuma tabbata ƙaramin madubi ya saitu tauraro ya fito tsaf, an kuma yi wa kamararsa hotunan duhu da murfi a rufe, don kada manhaja ta kama wani lalataccen ɗigo mai haske ta yi ta kiwonsa tana zaton tauraro ne.

Giya da halinta

A cikin mazauni akwai wani ƙarfe mai zare irin na sukuru, wanda Turawa ke kira tsutsa, shi ke tura babban faifai mai haƙora. Kome gwanintar maƙeri, tsutsar ba ta rasa ɗan tudu da kwari, saboda haka tauraro yakan yi gaba ya dawo baya a kowane zagayenta. Ana gane wannan da lokacinsa. Faifai mai haƙora 180 tsutsarsa tana zagaye cikin daƙiƙa 479, kusan minti 8 ke nan, mai haƙora 144 kuwa cikin daƙiƙa 598. In layin gabas da yamma yana hawa da sauka daidai da wannan lokaci, an san mai laifi. Irin wannan kuskure mai tafiyar hawainiya shi ne kiwo ya fi iya magancewa.

Wanda ya fi taurin kai shi ne sako-sakon haƙora a sandar kudu da arewa. Duk direban tsohuwar mota ya san sitiyarin da ake murzawa ya yi tafiya kafin taya ta amsa. Haka manhaja za ta yi ta aika umarni ba motsi, can sai madubi ya zabura ya wuce wuri. Maganinsa shi ne a matse tsutsa kaɗan-kaɗan ba tare da ta cije ba, in ya ƙi sai a duba wajen da tauraro ke zamewa, a umarci manhaja ta riƙa gyara ta gefe ɗaya kawai.

Garin neman gira

Yanzu ga kuskuren da na fi gani, wanda ni kaina na tafka. Wanda ya taɓa hangen kwalta da tsakar rana ya ga yadda kawalwalniya ke sa abu mai nisa rawa. Iskar da ke samanmu haka take yi wa hasken tauraro dare da rana, shi ne ƙyaftawar da muke gani. A wuraren da akasarinmu ke zaune rawar takan kai sakan 2 zuwa 4, manyan ɗakunan binciken da ke kan duwatsun Chile da Hawai ne ke samun ƙasa da sakan ɗaya. Wannan rawa tana canzawa sau da yawa cikin daƙiƙa guda, babu injin mazaunin da zai cim mata.

A wani hutu da na je gida, na kafa kayana a tsakar gida kusa da ɗakin kwano wanda ya sha rana. Da na ga layi yana rawa sai na rage buɗin ƙaramar kamara zuwa rabin daƙiƙa, na kai ƙarfin gyara ƙarshe, wai don kada tauraro ya samu sararin motsi. Sai layin ya koma kamar haƙoran zarto. Kafin umarni ya isa inji tauraro ya riga ya koma ɗaya gefen, turin da aka yi masa ya zama sabon kuskure, a sake turo shi baya. Dare uku na ɓata a haka, garin neman gira na rasa ido. Ran na huɗu na ɗauke kayan zuwa fili mai ciyawa, na mai da buɗi daƙiƙa 3, na rage ƙarfin gyara zuwa kashi 70 cikin 100, na kuma hana ta motsa inji saboda ƙananan kaucewa. Nan take layi ya kwanta.

Ga mazauni mai tsutsa, buɗin daƙiƙa 2 zuwa 4 yana ba rawar iska damar ta shafe kanta. Sabbin mazaunan nan marasa tsutsa, masu giya mai lanƙwasa irin ta hannun mutum-mutumin masana'antu, kuskurensu ya fi sauri, su kan so daƙiƙa ɗaya ko ƙasa. PHD2 ta yanzu tana iya kiwon taurari da yawa a lokaci guda ta ɗauki matsakaicinsu, a kunna wannan. A guji abin da bai kai digiri 30 daga ƙasa ba. A kuma bambanta hazo da rawar iska: ƙurar hunturu tana rage hasken tauraro ne, ana iya samun dare mai hazo wanda iskarsa ke kwance lafiya.

Komawa ga wasiƙar Jos

Duk abin da na lissafa a sama yana nuna kansa a layin manhaja. Malaminmu kuwa layinsa lafiya lau, hoto ne ya lalace. Wannan alama ce ta abu guda wanda ƙaramar kamara ba ta iya gani, watau motsi tsakanin madubin biyu. In zoben da ke riƙe da ƙaramin madubi yana da roba a bakin sukurorinsa, ko bututun saita gani yana ɗan sunkuyawa da nauyin kamara, to yayin da mazauni ke juyawa ƙaramin zai riƙe tauraronsa gam, babban kuwa ya zame. A madubi mai milimita 400, motsin maikiron 4 kacal, wanda bai kai kashi ɗaya cikin 10 na kaurin gashin kai ba, ya isa ya gusar da tauraro ɗigo guda.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. Malam, ka ɗauki hotuna 10 a jere, ka kashe ɗan gusawar da manhaja kan yi da gangan tsakanin hoto da hoto, sa'an nan ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya. In ka ga taurari suna tafiya gefe guda daga na farko zuwa na ƙarshe, alhali kiwo bai tsaya ba, ka kama ɓarawonka. Ka ɗaure ƙaramin madubi da zoben ƙarfe a kan faranti mai ƙarfi, ka matse kowane sukuru, ka ɗauke wa kamarori nauyin wayoyinsu. In abin ya ci tura, akwai wata 'yar na'ura mai guntun gilashi da ake sakawa gaban babbar kamara, tana tsinko haske daga gefen babban madubi ta miƙa wa kamarar kiwo. Da ita madubi ɗaya ke yin aikin biyu, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na sabon mazauni ba. In kuwa tsakiyar hoto lafiya take, gefuna ne kawai ke da wutsiya ko da a buɗin daƙiƙa 5, to laifin gilashi ne ko tazarar kamara, kiwo ba ruwansa.

Shawarata ta ƙarshe ga kowa ita ce a ware dare guda na bincike kawai. A bar sashen PHD2 mai tsai da gyara ya saurari mazauni na tsawon zagayen tsutsa guda, ya faɗi abin da ya gani. A canza abu ɗaya tak a lokaci guda, a jira minti 10, a rubuta sakamako a littafi. Wanda ya murɗa abu biyar tare, ko ya dace bai san wanne ya yi aiki ba. Alƙali kuma shi ne tauraron da ke cikin hoto, in ya fito da'ira an gama magana kome lamba ta ce.

Malam, muna jiran hoton Kaza da 'Ya'yanta, in ya samu za mu buga shi a wannan shafi don ɗalibanka da abokan aikinka su gani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, inda za mu duba yadda ake kare gilashin madubi daga ƙurar hunturu da raɓar damina.